Gwaggo Cima da Fitilun Layin Coci

Duk wanda ya zauna Gazawa ya san Gwaggo Cima da fitilarta. Fitilar ƙwai ce irin ta da, mai kwalba da mariƙin waya, ja ce amma jan ya koɗe. In rana ta faɗi za ta fita, gidan suna ne ko gaida mara lafiya, sai ta sauko da ita daga ƙusa, ta goge kwalbar da bakin zane, ta rataya a hannu. Ba ta kunna ta. Haka za ta ratsa gari cikin duhu, fitila na lilo a gefenta, mu muna biye muna tuntuɓe. In ka ce a kunna, sai ta ce ka dakata, ido zai saba. In ka tambaye ta to don mi take ɗauka, sai ta dube ka kamar wanda ya yi tambayar wauta, ta ce mai hankali ba ya fita bayan Magariba ba fitila.

Ni ce Habsu, ɗiyar ƙanenta. A ɗakinta na tashi, kuma da na yi aure gidana bai yi nisa da nata ba, don haka yawancin tuntuɓen nan ni na sha shi. Tun da ta rasu, duk wanda ya zo gaisuwa da hawaye yake farawa, kafin ya tashi kuma sai ka ga yana danne dariya. Shi ya sa na ga gara in faɗi nawa, tun ban fara mantuwa ba.

Kun san ɗanta Lawali, direban babbar mota a Maraɗi. Shekarar da Allah ya buɗa mashi, ya zo ya sa aka ja mata kuran, wato wutar lantarki, har cikin ɗaki. Aka kunna, ɗaki ya yi fes, har tsagar bango da ba mu taɓa sanin tana nan ba muka gani. Gwaggo ta sa mashi albarka, ta yi mashi fura. Motarshi ba ta kai Agye ba ta sa ni hawa turmi na kwance ƙwan fitilar. Ta naɗe shi a tsumma, ta saka cikin kwalla ta uku a jeren kwanoninta, ta ce yana nan sai ranar da aka yi baƙo.

Da Lawali ya dawo da salla ya tarar da mariƙin ƙwan yana reto ba komi. Ya yi ta magiya, ya ce shi ke biya, ba ruwanta. Ta ce ta sani, ai shi ya sa take tattala mashi. Ya ce to yau ga shi ya zo daga nesa, a ɗauko a sa.

Ta ce, “Kai baƙo ne?”

A duhu ya ci tuwo.

To matar da ke wannan ita ce kuma ba ta taɓa fashin zuwa kallon fitilun Kirsimeti ba.

Layin coci yana bayan tasha. Gidaje ne kaɗan, da cocinsu mai rufin kwano a ƙarshen layi. Nan gidan Malam Dauda tela yake, mijin Mama Saratu. Ita Mama Saratu rumfarsu ɗaya da Gwaggo a kasuwa tun kafin a haife ni. Gwaggo na sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, Mama Saratu na gefenta da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ban taɓa jin sun yabi juna ba. Gwaggo ta ce warin daddawa ke kore mata masu saye. Mama Saratu ta ce ƙuli-ƙulin Gwaggo shi ke ciyar da mai cire haƙori. Amma in Gwaggo ta tashi yin Azahar, Mama Saratu ke tsare mata faifai, kuma ko mai saye ya yi rantsuwa ba ta rage mashi komi. Da layya, cinya guda ta gidan tela ce. Da Kirsimeti kuma kwanon shinkafa da kaza zai iso mana da zafinshi.

Malam Dauda ne ya fara kawo fitilun nan. Ya je Katsina sayen zare ya dawo da su, ƙanana kamar ƙwayar wake, jere a jikin waya, ja da kore da shuɗi. Ya rataya a ƙofar gidanshi. Da shekara ta zagayo maƙwabta suka yi koyi, har ya zama in watan ya kama, rabin gari sai ya sami dalilin bi ta bayan tasha. Wani ya ce gyaran babur ya kai shi, wani ya ce hanyar ta fi kusa. Gwaggo kaɗai ke faɗin inda za ta.

“Habsu, tashi. Za ni in ga iyakar ɓarnar bana.”

Haka take cewa kowace shekara. Sai dai mai zuwa ganin ɓarna sai ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na zuwa biki. Ta ɗauki fitila, a kashe, mu tafi.

Tun daga bakin layi take fara aiki. Ta goya hannu a baya, ta tsaya gaban kowane gida kamar wadda gwamnati ta aiko. Mutanen layin sun saba, har fitowa suke su tsaya su ji hukunci. Akwai wani bakanike ɗan Kwatano da ke naɗe dogon yaron ƙofar gidanshi da fitilu tun daga gindi har reshe. Gwaggo ta tambaye shi laifin da itacen ya yi mashi, kuma tsuntsayen da ke kwana a kai wa zai biya su barcinsu. Wata shekara ya sayo masu kiɗa, wani siririn sauti da ba ya ƙarewa. Ta saurara da kyau, ta ce ko sauro ya fi su murya, shi kuma sauro kyauta yake yi. Ba ta tsallake gida ko ɗaya. Wanda ya rataya kaɗan ta ce rowa, wanda ya rataya da yawa ta ce almubazzaranci. Wata mata da Gwaggo ta wuce ƙofarta ba ta ce komi ba, don tari ya sarƙe ta, sai da ta biyo mu tana tambaya ko ta yi wani laifi ne.

Gidan Malam Dauda shi ne na ƙarshe, don nan akwai benci. Shi mutum ne mai sanyin magana, kullum da abin awo rataye a wuya, ko ranar sallarsu. Shekarar da ya sayo masu ƙyaftawa, su kama su mutu su kama, Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta kira shi gefe don kada ta kunyata shi gaban iyali.

“Tela, an cuce ka. Waɗannan ba su da lafiya.”

Ya ce haka aka yi su, sun ma fi sauran tsada.

“Ka ƙara kuɗi don a ba ka masu zazzaɓi? Fitila ko ta kama ko ta mutu. Wannan rawar ɗarin ta mece ce?”

Bai yi gardama ba. Da shekara ta dawo muka iso, ga masu zazzaɓi ko'ina suna ta yi, amma daidai saman bencin ya rataya igiya guda, ruwan ɗorawa, tsaye cak ba ƙyaftawa. Ya ce, “Ga taki, Cima. An ba ta magani.” Gwaggo ta zauna ƙarƙashinta. Na ga hasken a fuskarta. Can ta ce ta yi dama-dama. Ku da kuka san ta kun san ko ranar aurena abin da ta ce game da mijina ke nan. Ta ƙara da cewa rabinta ma ya isa. Tun daga nan kowace shekara igiyar tana wurinta, kuma duk layin igiyar Cima suke ce mata.

Ba kowa ne ke jin daɗin zuwan nan ba. Yayana Habu, da ya dawo daga karatu, ya same ta da ladabi ya ce shekarunta sun wuce a gan ta a can, kuma ba sallarmu ba ce. Ta ce ta sani, ba ta taɓa shiga cocinsu ba, su ma ba su taɓa kiranta ba. Isha'i ma a tsakar gidan Saratu take yi, akwai buta da tabarma da aka ajiye mata, ba mai taɓawa. Habu ya ce duk da haka. Ta ce ta ji.

Ranar Kirsimeti kwano ya iso. Gwaggo ta aika a kira Habu, ta zuba mashi, ta ɗora mashi cinyar kazar. Ta zauna tana kallonshi har ya suɗe hannu. Sannan ta tambaye shi ko ya san daga inda shinkafar ta fito. Ya ce ya sani, abincin maƙwabci ai ba laifi.

Ta ce, “To madalla. Kai ka ci da baki, ni na ci da ido. Ka ga ni ban ma rage masu komi ba.”

Bai sake tada maganar ba. Shi ma dai daga baya hanyar bayan tasha ta zame mashi ta fi kusa.

Bara da damina Malam Dauda ya rasu. Gwaggo ta je ta zauna da Mama Saratu har aka watse. Muka ɗauka bayan wata ɗaya ko biyu Mama Saratu za ta dawo kasuwa. Ba ta dawo ba. Aka yi girbi, aka cire gyaɗa, ba ta dawo ba. Coci kawai take zuwa ta koma ɗaki. Ɗiyarta da ke aure a Maraɗi ta zo ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba, da an shiga sabuwar shekara za ta zo da mota a kwashe kaya. Mama Saratu ta ce to.

Labari ya iso wa Gwaggo. A rumfa sai ta kife tsohon kwando a wurin zaman Mama Saratu, kuma duk wadda ta zo za ta shimfiɗa kaya a nan sai ta ce akwai mai shi. Ta rage cin abinci. Ta daina yi wa masu saye faɗa, har wani ya tambaye ni ko lafiya. Ba ta faɗa ba, amma na gane. In Saratu ta hau motar nan, ba za su sake ganin juna ba, don Gwaggo ba ta shiga mota, kuma gwiwarta ta fara hana ta nisa.

Da watan ya kama na ɗauka bana ba za mu je ba. Ana saura kwana kaɗan sallarsu, bayan Magariba, sai na ji ta a ƙofar gidana tana cewa in tashi. Ta sa kwalli. Tafiyar da muke yi kafin a gama dafa shayi, ranar sai da muka huta sau biyu.

Layin ya yi ado kamar kullum. Bakanike ya naɗe itacenshi, ya fito yana murmushi yana jiran rabonshi na faɗa. Gwaggo ta wuce shi ko kallo. Ta wuce kowa. A ƙarshen layi ƙofar tela tana nan baƙi ƙirin, benci a jingine da bango.

Muka yi sallama muka shiga. Mama Saratu na zaune bakin ɗaki, keken ɗinki a bayanta lulluɓe da zane. Ta rame. Ta yi mana maraba da murya ƙasa-ƙasa, ta ce in ɗauko tabarma. Gwaggo ta ƙi zama.

“Ƙawa, na tako tun daga gida da wannan gwiwa don in yi faɗa, kin hana ni abin faɗa. Ina fitilun?”

Mama Saratu ta ce suna cikin kwali ƙarƙashin keke. Ta ce bana ba za a rataya ba. Bakanike ya zo ya ce zai hau ya sa, ta hana. Gwaggo ta tambayi dalili. Mama Saratu ta dubi kwalin.

“Hannunshi ne ya naɗe su, Cima. Yadda ya naɗe haka suke. Ban iya warwarewa.”

Na jawo kwalin. Kowace igiya an naɗe ta a jikin guntun kwali, an ɗaure bakin da ƙyallen atamfa, ɗaurin tela, tsaf. Ni kaina sai da na kau da kai. Gwaggo ta duƙa da ƙyar, ta bi su ɗaya-ɗaya da yatsa ba ta ɗaga ko ɗaya ba, har ta kai ga mai ruwan ɗorawa. Ita ta zaro.

“Sauran naki ne, ki bar su yadda ya bar su. Wannan tawa ce. Da bakinshi ya faɗa, gaban shaidu. Ba za ki tafi Maraɗi da kayan mutane ba.”

Mama Saratu ba ta hana ba. Ƙusoshin da Malam Dauda ya kafa suna can sama, ba wadda za ta kai cikinmu, Gwaggo kuma ta ce kayanta ba namijin da zai rataya mata. Muka ɗaura baki ɗaya a ƙarfen taga, ɗaya a jikin taɓarya da muka jingina da bango. Igiyar ta yi ciki, tana reto daidai ƙirjin mutum, kamar an shanya ta. Mutanen layi suka taru suna kallo, ba mai dariya a fili. Bakanike aka bari ya haɗa waya kawai. Gwaggo ta koma ciki ta kamo hannun Mama Saratu, ta ce ta fito ta ga yadda ake aiki. Ta fito. Aka gyara benci, suka zauna. Bakanike ya haɗa. Igiyar ta kama, ruwan ɗorawa, tsaye cak.

Ba mu gama cewa madalla ba aka ɗauke kuran. Gari duka.

Na ji Mama Saratu ta ja numfashi, na ji bencin ya motsa, za ta tashi. Ta ce a bari kawai, dama ba a so ba. Ni na san abin da Gwaggo za ta ce, don duk rayuwata shi nake ji, har na fara faɗa a zuciyata: a dakata, ido zai saba. Sai na ji ta ce:

“Habsu, nemo ashana.”

Ban motsa ba sai da ta maimaita. Aka miƙo ashana daga gidaje uku a lokaci guda. Wani ya haska da waya. Duk layin ya matso, don ba wanda ya taɓa ganin wannan rana. Gwaggo ta ɗora fitila a cinya, ta ɗaga kwalba. Lagwanin fari sol, kamar yau aka sayo. Ta ƙyasta, ta kai. Bai kama ba. Ta sake. Bai kama ba. Bakanike ya nemi izini ya karɓa, ya girgiza ta kusa da kunne, shiru. Ya buɗe murfin, ya shinshina, ya kife ta. Abin da ya faɗo busasshen kyankyaso ne.

Wani sauti ya fito daga Mama Saratu, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Ta riƙe ciki, ta dafa kafaɗar Gwaggo, hawaye na zuba tana ta yi. Rabon da a ji wannan dariyar tun kafin damina.

“Ƙawa, shekara nawa kina yawo da gwangwani?”

Gwaggo ko gezau. Ta ce da ta zuba da ya bushe a banza.

Mama Saratu da kanta ta tashi, ba wanda ya kama ta, ta shiga ta fito da kwalbar kananzir ɗin da take hura wuta da shi. Aka zuba, aka jira lagwani ya sha. Da ya kama, bakanike ya rage shi ƙasa-ƙasa don ya san mai fitilar. Gwaggo ta buge mashi hannu.

“Ɗaga shi sosai. Ai ba nawa ba ne.”

Aka rataya fitilar a kan taɓarya. Suka zauna ƙarƙashinta su biyu. Gwaggo ta fara ba ta labarin kasuwa, ta ce tun da warin daddawa ya tafi ciniki ya buɗe mata, har ba ta samun hutu. Mama Saratu ta ce ƙarya ne, an gaya mata ƙudaje ma sun daina zuwa. Da aka kira Isha'i, Mama Saratu ta ɗauko buta da tabarma. Da za mu tafi Gwaggo ta bar fitilar a nan, ta ce gobe za ta zo ta duba ko an kula da ita. Muka koma gida hannu sake, tana gaba ina baya ina tuntuɓe.

Gobe ta je. Jibi ma ta je. Har aka shiga sabuwar shekara ba ta yi fashi ba, ko akwai kuran ko babu sai an kunna fitilar. Na san kwalbar Mama Saratu ba za ta kai haka ba. Wata rana na hango Gwaggo a wani shago can ƙarshen gari, inda ba a san ta sosai ba, tana ɓoye kwalba cikin mayafi. Ta ce in na faɗa wa kowa za ta ƙaryata ni.

Da ɗiyar ta zo da mota, Mama Saratu ta ce a bari sai sanyi ya wuce. Da sanyi ya wuce ta ce sai bayan zafi. Wata ranar kasuwa da safe muka gan ta tafe da faifan daddawa a ka. Ta tsaya gaban rumfa, ta ɗauke kwandon nan da ƙafa, ta ce wa Gwaggo ta matsar da duwatsun nan nata da take kira ƙuli-ƙuli. Gwaggo ta toshe hanci. Ranar ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari.

Bana da kaka Gwaggo ta kwanta. Ciwon bai daɗe ba. Da hantsi ta cika, ina riƙe da hannunta. Mama Saratu na cikin matan farko da suka iso, ta zauna bakin ƙofar ɗakin har rana ta faɗi. Gida ya cika, mutane daga Cadawa, daga Agye, daga ƙauyukan da take sayen gyaɗa. Da duhu ya fara, Lawali ya shiga ɗakin, ya buɗe kwalla ta uku, ya kwance tsumman. Ya hau turmi ya ɗaura ƙwan. Ya kama. Ya sauko ya ce, “Yau kam an yi baƙi.”

Da aka zo raba kaya, Mama Saratu ta ce abu ɗaya take roƙo. Habu ne da kanshi ya kai mata.

Makon jiya na je layin coci ni kaɗai. Ban iya tsayawa gaban gidajen ba, sai dai bakanike ya tare ni ya ce bana ba wanda ya zagi itacenshi, shi ya sa bai yi kyau ba. A ƙarshen layi igiyar ruwan ɗorawa tana saman benci, a ƙusoshinta na asali. Mama Saratu ta warware sauran ma, masu zazzaɓi suna ta yi. Kusa da ƙofa fitilar ƙwai tana rataye, an goge kwalbar, a kashe. Na tambaye ta ko in nemo ashana. Ta ce a'a, akwai kuran, in aka kunna mai ita za ta yi faɗa. Ta matsa ta ba ni wuri. Muka zauna muna kallo.

Allah ya jiƙan Gwaggo Cima, ya yafe mata, ya saka mata da alherin da ta yi tana ɓoyewa cikin mayafi. Ya Allah, ta yi tattalin haske duk rayuwarta. Ka haskaka mata kabarinta, ka ɗaga mata shi sosai.